Gandu ko Gayauna: Shafukan Kwastomomi da Yawa a Kan Manhaja Ɗaya

Ranar 15 ga Oktoba 2014, masu kula da tsaron Drupal, ɗaya daga cikin manyan manhajojin da ake gina shafukan intanet da su, suka ba da sanarwar cewa an gano wata ɓaraka a Drupal 7 wadda ɗan kutse zai iya bi ya shiga rumbun bayanan shafi ba tare da ya san kalmar sirrin kowa ba. Tare da sanarwar suka fitar da facin da zai toshe ta. Bayan mako biyu sai suka sake fitowa da maganar da ta fi ta farko tayar da hankali, suka ce duk shafin da ba a liƙa wa facin nan ba cikin awa bakwai da fitar sanarwar, mai shi ya ƙaddara an riga an shige shi. A agogon Najeriya, wa'adin ya kama daga biyar na yamma zuwa sha biyun dare.

To, mai karatu ya zauna a kujerar wani mai ƙaramin kamfani da ke riƙe da shafuka arba'in na mutane: makarantu masu zaman kansu, asibitoci, otal-otal, ƙungiyoyin agaji. Idan kowane shafi yana da nasa kwafin manhajar, dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga, ya liƙa faci, ya gwada, ya fita. A ce kowanne ya ci masa minti goma sha biyar, awa goma ke nan, kuma wa'adi ya wuce da saura shafi goma sha biyu a buɗe. Wannan ma in wuta ba ta ɗauke ba, in intanet ba ta yi masa gardama ba. Idan kuwa duk arba'in ɗin a kan manhaja ɗaya suke zaune, gyaran layi ɗaya ne a fayil ɗaya, domin facin nan na 2014 bai wuce haka ba. Kafin a kira magariba ya gama.

Daga wannan dare masu goyon bayan haɗa shafuka wuri ɗaya suke fara hujjarsu, kuma ba na jin akwai mai gaskiyar da zai raina ta.

Kafin mu shiga muhawarar, ya kamata mu san abin da ake haɗawa. Shafin intanet irin na yau kashi uku ne. Akwai manhajar, wato umarnin da ke gaya wa kwamfuta abin da za ta yi in baƙo ya shigo. Akwai rumbun bayanai, inda rubuce-rubuce da sunayen masu shiga da lissafin ciniki suke. Sai fayiloli, irin su hotuna da takardu. Abin da ake nufi da manhaja ɗaya shi ne kashi na farko ya zama na tarayya: baƙo ya buga adireshi, manhajar ta duba adireshin, ta ce wannan na makaranta ne ko na otal, ta ɗauko bayanai da kwalliyar da suka dace. A Drupal kowane shafi yakan samu nasa ɗakin saiti da nasa rumbun. WordPress, wadda sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke kanta, ta shigar da wannan tsari cikin gangar jikinta a shekarar 2010 da fitowar WordPress 3.0, sai dai ita tarayyar tata ta fi zurfi: rumbu ɗaya ne, an kasa shi da lamba, shafi na biyu da nasa jadawalin, na uku da nasa, amma rajistar sunayen masu shiga ta kowa da kowa ce.

Manomi zai fi saurin ganewa. Gandu ne da gayauna. A gandu ana noma tare a ƙarƙashin mai gida, garma ɗaya, shanu ɗaya, rumbu ɗaya. Gayauna kuwa ɗan fegi ne na mutum, ya shuka abin da ya ga dama, riba tasa, asara tasa. Rigimar masu gina shafuka ita ce wanne ya fi dacewa da kwastomomin da ba su san juna ba, ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba, abin da ya haɗa su kawai shi ne mutum ɗaya ya gina musu shafi.

Masu ra'ayin gandu, bayan maganar faci, sukan kawo maganar kuɗi. Hayar sabar, wato na'urar da shafi ke zaune a kanta, da dala ake biyanta a mafi yawan lokaci, ko a kamfanin waje ko a na gida da shi ma da dala yake sayo kayansa. Wanda ya ga yadda naira ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024 ya san abin da ya samu magina shafuka na Kano da Kaduna da suka yi jinga da naira a farkon shekara. Kwastoma ba ya son jin labarin canji. Shi dai ya biya kuɗin shekara. Manhaja ɗaya a sabar ɗaya tana cin ƙwaƙwalwar na'ura kaɗan, ajiyar kwafi wuri ɗaya ake yi, sa ido wuri ɗaya ake yi. Wannan rangwamen ne ke sa ƙaramar makarantar unguwa ta iya mallakar shafin da in ita kaɗai za ta ɗauki nauyinsa ba za ta iya ba.

Sai hujja ta uku, wadda a ganina ta fi ta kuɗi nauyi ko da yake ba a cika ambatonta ba: alheri yana yaɗuwa. Idan asibiti ya yi ƙorafin cewa shafinsa yana nauyi a ƙananan wayoyi, aka zauna aka rage nauyin hotuna, to makarantu da otal-otal duk sun amfana ba tare da sun nema ba. Idan aka gyara yadda haruffan ɗ da ƙ da ɓ ke fitowa a shafi ɗaya, an gyara wa kowa. Kuma ranar da ma'aikacin da ya fi kowa sanin aikin ya samu wani aiki a Abuja ko Dubai ya tafi, wanda zai gaje shi abu ɗaya zai koya. Na taɓa karɓar gadon shafuka goma sha wani abu daga hannun wani da ya gina kowanne yadda ransa ya so a ranar. Wani a tsohuwar manhaja, wani a sabuwa, wani da ƙarin manhajojin da masu su sun daina kula da su tun shekaru. Babu biyun da suka yi kama. Watanni na yi ina haƙa kamar mai neman allura a cikin rijiya, kuma a lokacin, da wani ya zo mini da maganar gandu, da hannu biyu zan karɓa.

Masu gandu suna kuma da manyan misalai. WordPress.com miliyoyin shafuka take ɗauke da su a kan wannan tsari. Shopify shaguna ne birjik a kan manhaja ɗaya. Gwamnatin Ostireliya ta kafa GovCMS a kan Drupal domin hukumominta su daina sayen shafi kowace da nata. In waɗannan sun iya, in ji su, me zai hana mai shafi arba'in?

Masu ra'ayin gayauna ba sa musun ko ɗaya daga cikin wannan. Cewa suke yi, ƙofar da faci ke bi ya isa ga kowa cikin minti ɗaya, ita ce dai ƙofar da kuskure ke bi. Ranar 8 ga Yuni 2021, wani kwastoma guda na kamfanin Fastly, wanda ke rarraba shafukan manyan kamfanoni a duniya, ya sauya wani saiti a asusunsa. Sauyin halas ne, bai karya wata doka ba, amma ya taɓo wani aibi da ke kwance a manhajar kamfanin tun watan Mayu. Nan take kashi 85 cikin 100 na hanyoyin kamfanin suka fara mayar da saƙon kuskure. Shafin gwamnatin Birtaniya, jaridar Guardian, New York Times, Reddit, duk suka ɗauke na kusan awa guda. Fastly ba maginin shafuka ba ne, amma darasin ɗaya ne, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa: wake ɗaya shi ke ɓata gari. Fastly na da injiniyoyin da ke gadi dare da rana, shi ya sa abin bai kai awa ba. Mai shafi arba'in yana da kansa ne da yaronsa ɗaya, kuma wayarsa za ta yi ƙara sau arba'in a lokaci guda.

Ba sai an yi kuskure ba ma. Ranar da makaranta ta saki sakamakon jarrabawa, iyaye da ɗalibai suka yi wa shafin ca, sabar ta cika ta batse, shafin otal ɗin da ke maƙwabtaka da ita a na'ura ɗaya sai ya koma tafiyar hawainiya. Mai otal bai san da wata makaranta ba. Abin da ya sani shi ne baƙo ya so kama ɗaki ya kasa. Duk wanda ya zauna gidan haya mai mita ɗaya ya san wannan rigima: wani ya kunna hita, wutar kowa ta yi ƙasa.

Maganar tsaro ma, in ji su, fuska biyu gare ta. Gaskiya ne faci yana sauri. Amma a irin wannan gida, manhajar da ke gudanar da shafin makaranta tana da izinin karanta fayilolin saitin asibiti, tunda a wurin na'ura duk mutum ɗaya ne ke aiki. Ƙaramar ƙarin manhaja mai rauni da aka saka don wani kwastoma guda yana son hotuna su riƙa juyawa a fuskar shafinsa, ta isa ta zama tagar da ɓarawo zai haura ya shiga kowane ɗaki. Wannan kuma yanzu ya wuce maganar kunya. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, kamar takwararta ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin kai rahoto cikin awa 72 in an yi kutsen da zai iya cutar da su. Yaya za ka yi wa shugaban asibiti bayanin cewa sunayen marasa lafiyarsa sun fita ta shafin wani mai sayar da atamfa?

Amma hujjar da ta fi kama ni ba ta bala'in dare ɗaya ba ce. Ta ciwon da ke cin gida a hankali ce. Kwastomomi ba sa zama iri ɗaya. Ana farawa lafiya, kowa ya karɓi abin da aka ba shi. Bayan wata shida sai waya ta shigo:

"Malam, ina wuni. Ni dai so nake iyaye su riƙa biyan kuɗin makaranta ta shafin nan, kuma rasit ya fito da tambarinmu."

"To Hajiya, in sha Allahu za a duba."

Ba za ka ce wa Hajiya a'a ba, ita ce ta kawo maka makarantu uku. Sai ka buɗe manhajar kowa ka rubuta: in shafin Hajiya ne, yi kaza. Wata mai zuwa Alhaji mai otal yana son farashi ya riƙa fitowa da naira da sefa saboda baƙinsa na Maradi. In shafin Alhaji ne, yi kaza. Shekara uku ana haka, manhajar ta zama rigar mabaraci, faci a kan faci, babu mai iya taɓa zare ɗaya ya tabbata wani gefen ba zai warware ba. Daga nan abin mamaki ke faruwa. Tsarin da aka zaɓa domin sabuntawa ta yi sauri sai ya zama shi ne ke hana sabuntawa, domin kafin a ɗaga manhajar zuwa sabon zubi sai an gwada shafi arba'in, kuma in guda ɗaya ya dogara da wata tsohuwar ƙarin manhaja da ba ta jituwa da sabon zubin, sauran talatin da tara sai su tsaya jiransa. Ayari ba ya wuce saurin gurgun jakinsa. Drupal 7 ta fito a Janairun 2011, an sa ranar daina kula da ita a 2021, aka ɗaga, aka sake ɗagawa, sai 5 ga Janairun 2025 aka rufe littafinta. Dalilan jinkirin suna da yawa, babbansu shi ne ƙaura daga 7 zuwa abin da ya biyo baya kusan sabon gini ne. Wanda ke da shafi ɗaya sau ɗaya zai sha wannan wahala a lokacin da ya shirya. Mai gandu kuwa sai ya shawo kan masu shafi arba'in, kowa da aljihunsa, kowa da lokacin da ya ga dama.

Sannan akwai ranar rabuwa, wadda ba a son tunawa da ita ranar ɗaurin aure. Kwastoma ya samu wanda zai yi masa da araha, ko ɗansa ya gama karatun kwamfuta, ya ce a ba shi shafinsa. A gayauna, sai ka naɗe manhaja da rumbu da hotuna ka miƙa. A gandun WordPress kuwa sai an zauna an tsamo jadawalinsa daga cikin na jama'a, an sauya musu lamba, an tace sunayen mutanensa daga rajistar tarayya, an bi adireshin hotuna an gyara. Ana iya yi, akwai kayan aikin yin hakan, amma aiki ne na gaske, kuma wa zai biya? Manhajar kanta fa, wadda ke ɗauke da gyare-gyaren da wasu kwastomomi suka biya kuɗinsu, za ka ba shi duka ne ko za ka yanke masa rabonsa? Wasu magina, in za a faɗi gaskiya, wannan wahalar ce ma take burge su, domin tana ɗaure kwastoma. Ni ban ga bambancin wannan da telan da ke riƙe yadin mutum don kada ya kai wa wani ba.

Masu gandu suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Sukan ce duk abin da aka lissafa laifin mai gida ne da bai iya cewa a'a ba. Shopify ba ta buɗe cikin manhajarta don wani mai shago ya roƙa. Ta ba kowa iyakar abin da zai iya sauyawa, wanda bai gamsu ba ya nemi wani wuri. Sukan kuma ce, ku je ku duba shafukan da ake kutsawa kullum, akasarinsu gayaunar da aka manta da ita ce, an gina an karɓi kuɗi an tafi, shekara huɗu ba wanda ya leƙa. Wannan gaskiya ne, na gani da idona. 'Yancin da ake yi wa kirari sau da yawa 'yancin ruɓewa ne kai kaɗai.

Sai dai amsar tasu ta tona wani abu. Shopify tana iya cewa a'a ne domin haja take sayarwa, ba aikin hannu ba. Mai shafi arba'in kuwa an zo wurinsa ne domin shi tela ne, ana so ya auna ya ɗinka. In ka duba asalin waɗannan tsare-tsare ma, za ka ga ba don baƙin juna aka ƙirƙire su ba. Django, wata manhajar gina shafuka da aka saki a 2005, an haife ta ne a ɗakin labarai na wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka, kuma dabarar shafuka da yawa da ke cikinta ta samo asali ne daga buƙatar jaridar ta buga labari ɗaya a shafukanta biyu ba tare da an rubuta shi sau biyu ba. Mai gida ɗaya, edita ɗaya, aljihu ɗaya. Haka GovCMS, haka jami'ar da ke ba kowace tsangaya shafi. A irin wannan wuri akwai wanda zai buga tebur ya ce ranar kaza kowa zai koma sabon zubi, kuma a koma. Gandu yana tafiya ne saboda akwai uba. Ranar da uba ya faɗi, kowa ya san abin da ke biyo baya: 'yan'uwa su raba gona.

Akwai hanya ta uku da ta yi ƙarfi tun da kayan aiki irin su Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, da Docker na 2013, suka zama ruwan dare. A ajiye tushen manhaja ɗaya a ma'aji ɗaya, duk gyara a can ake yinsa, amma kowane kwastoma a kafa masa nasa kwafin da ke gudana shi kaɗai, da nasa rumbu, da nasa izini, abin da ya keɓanta da shi kuma a ajiye a nasa ɗakin, kada ya shiga tushen. In faci ya fito, a gyara tushe sau ɗaya, na'ura ta bi gidaje tana rabawa. Za a iya fara turawa shafi biyu, a ga ko lafiya, sannan a saki wa sauran. Za a iya barin gurgun jakin a baya na mako biyu ba tare da an tsayar da ayari ba. Iri ɗaya ake rabawa daga rumbu ɗaya, kowa ya shuka a gonarsa.

Nan ra'ayina ya karkata, amma ba zan ɓoye kuɗinta ba. Tana cin sabar fiye da gandu. Tana buƙatar wanda ya iya rubuta umarnin da zai yi rabon da kansa, kuma ya kula da shi, domin in wannan na'urar rabo ta lalace aka koma yi da hannu, an dawo daren awa goma. Tana kuma da nata jarabar: tunda an halatta barin shafi ɗaya a baya na mako biyu, mako biyun kan zama shekara biyu, a wayi gari gidaje arba'in suna kan zubi bakwai dabam-dabam. Ga kamfanin mutum biyu da ke riƙe da ƙananan shafuka goma na makarantun firamare, duk fasali ɗaya, ba mai karɓar kuɗi, ba mai ajiye bayanan sirri, wannan hanya sayen tirela ce don ɗaukar buhu uku. Irin wannan ya yi gandunsa, ba zan ga laifinsa ba, matuƙar ya rubuta a takardar yarjejeniya abin da za a iya sauyawa da abin da ba za a iya ba, kuma ranar da Hajiya ta bugo da maganar biyan kuɗi ta shafi, ya san lokacin fitar da ita zuwa nata gidan ya yi, da sabon farashi.

Inda ba zan sassauta ba shi ne shafin da ke riƙe da kuɗin mutane ko sirrinsu: asibiti, kantin da ke karɓar kati, ƙungiyar da ke ajiye sunayen marayu da zawarawa. Waɗannan ko da tushensu ɗaya da na kowa, katangarsu dabam, makullinsu dabam. Da ni ne shugaban irin wannan asibiti aka kawo mini takardar jinga, kafin in tambayi farashi zan tambayi maginin abu biyu: su wane ne maƙwabtana a wannan na'ura, kuma ranar da na ce zan tashi, me za ka miƙo mini, cikin kwana nawa?